Hanyoyin Gano Gubar Mai da ta Maganin Ƙwari a Cikin Ƙasa

Gabatarwa



A watan Agusta na 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa wa Gwamnatin Tarayya rahoton binciken da ta yi a yankin Ogoni, cikin Jihar Ribas, inda aka haƙi man fetur tun daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa 1993. Ma'aikatanta sun shafe watanni 14 suna aiki, sun duba wurare fiye da 200, sun haƙa ramuka 780 don ɗibar ƙasa, kana suka auna samfura fiye da 4,000 na ƙasa da ruwa da sauransu. A wata unguwa da ake kira Nisisioken Ogale suka tarar mutane suna shan ruwan rijiya wanda sinadarin benzin, mai haddasa sankarar jini, ya yi yawa a cikinsa har ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka fiye da sau 900.

Masu rijiyoyin nan ba su jira rahoto ba kafin su san ruwansu ya lalace, gama hanci ya daɗe da gaya musu, kuma kowa ya san ruwa ba ya tsami banza. Amma shaidar hanci ba ta faɗin sunan guba, ba ta faɗin yawanta, ba ta kuma tsayawa a gaban alƙali. Aikin ɗakin gwaji ke nan, watau ya mai da zato ya zama suna da adadi. Abin da za a duba a wannan lacca shi ne hanyar da dunƙulen ƙasa ke bi tun daga gona har ya zama lamba a takarda, da wuraren da gaskiya kan zube a kan wannan hanya. Za a ga cewa na'ura, komai tsadarta, ba ta ba da amsa sai a kan abin da aka kawo mata, kuma sai ga tambayar da aka yi mata. Duk inda aka ce ƙasa a nan, ana nufin wadda ake nomawa ana takawa.

Irin gubar da ake magana a kanta

Masana kimiyyar haɗe-haɗe sun kasa sinadarai gida biyu. Akwai dangin ƙarfe da gishiri, irin su dalma da zaiba. Akwai kuma dangin kabon, watau waɗanda aka gina jikinsu da sinadarin nan da ke cikin gawayi, kuma a cikinsu ne man fetur da magungunan ƙwari suke. Bambancin nan yana da muhimmanci ƙwarai wajen bincike.

Masu sauraro za su tuna da masifar da ta auka wa Jihar Zamfara a 2010, sa'ad da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Masu aikin ceto sun riƙa yawo da wata 'yar na'urar hannu mai aiki da haske irin na ɗaukar hoton ƙashi, su ɗora ta bisa ƙasar tsakar gida, kafin minti biyu ta faɗi yawan dalmar da ke wurin. Wannan ya yiwu ne don dalma dalma ce ko ina take, kuma ƙasa mai lafiya ba ta da ita da yawa. Gubar dangin kabon kuwa ba ta kamuwa ta haka, domin da kabon ɗin da ke jikinta da wanda ke jikin taki da saiwa da ruɓaɓɓen ganye duk abu ɗaya ne. Yadda aka jera ƙwayoyin shi ne ya bambanta guba da abinci, kamar yadda haruffa guda ke fitar da kalmar yabo su kuma fitar da ta zagi. Tilas ne a ciro sinadarin daga ƙasa lafiya lau, ba tare da ya karye ba, sa'an nan a karanta shi.

Ana iya kasa wannan guba kashi huɗu. Na farko shi ne man fetur da 'ya'yansa, kananzir da man dizal da baƙin mai da makanikai ke zubarwa a gareji. Na biyu shi ne tsofaffin magungunan ƙwari masu sinadarin kulorin, irin su DDT da dildirin da lindan, wanda manoma suka sani da sunan Gammalin. Waɗannan ba baƙi ba ne a Arewa, gama tun 1954 aka fara gwajin feshin gidaje da su don yaƙi da sauro a yammacin Lardin Sakkwato, aka kuma fesa wasunsu a kurmi da bakin rafi don kawar da ƙudan tsando. Na uku shi ne man da ake kira PCB, wanda aka daɗe ana zubawa cikin taransifoma. Na huɗu shi ne abin da wuta ke haifarwa in an ƙona taya ko roba ko wayar lantarki, kuma mafi muni cikinsu shi ne dayokzin. Yawancin waɗannan ba sa narkewa a ruwa, ba sa ruɓewa da wuri, suna kuma taruwa cikin kitsen dabba da na mutum. Saboda haka ne ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Sitokhom a 2001, wadda ta fara da sinadarai 12, aka ƙara mata lindan a 2009.

Ya kamata kuma a san irin ma'aunin da ake aiki da shi. In an ce miligiram ɗaya cikin kilo, daidai yake da giram ɗaya cikin buhu goma masu kilo ɗari-ɗari. In kuwa an ce maikirogiram ɗaya cikin kilo, to, giram ɗayan nan ne aka watsa cikin buhu 10,000. A irin wannan ƙanƙanta ake neman maganin ƙwari.

Ɗibar ƙasa

Mataki na farko ba a cikin ɗakin gwaji ake yinsa ba, kuma a nan ne kuskure ya fi yawa. In aka ɗauki gona mai faɗin hekta ɗaya, aka lissafa ƙasar da ke samanta zuwa zurfin santimita 20 kawai, nauyinta ya kusa tan 3,000. Abin da mai gwaji zai ɗora bisa sikeli kuwa bai wuce giram 10 zuwa 30 ba. Watau cikin cokali biyu ne zai yi magana a madadin lodin manyan motoci kusan ɗari.

Da a ce guba tana bazuwa daidai wa daida kamar gishiri a miya, da abin ya zo da sauƙi. Amma takan taru ne a inda ganga ta tsiyaye, ko inda ake wanke tankin feshi, ko a kwarin da ruwan sama ke kwantawa, alhali taku goma daga nan ƙasa na nan sumul. Don haka kafin a taɓa ƙasa sai an nemi tarihin wurin daga bakin tsofaffi da ma'aikatan da suka san shi. Bayan wannan a zana taswira, a raba filin gida-gida kamar dara, a ɗebi ƙasa daga kowane gida, a kuma ƙara ɗiba a wuraren da ake tuhuma. Har wa yau, a ɗebo daga wani wuri na kusa mai irin ƙasar, wanda aka tabbata gubar ba ta kai gare shi ba, don ya zama abin kwatance.

Wani lokaci akan haɗa ƙasar wurare da yawa a gauraya ta zama samfur ɗaya don rage kuɗin gwaji. Wannan dabara tana da kyau in matsakaicin halin gona ake nema. In kuwa ana neman inda gubar ta taru ne, to, ɓarna ce, domin ƙasa mai dafi ɗaya in ta shiga cikin masu lafiya tara, sai a sami adadin da ba zai tsorata kowa ba, alhali a kan wannan ɗayar yara ke wasa.

Zurfi ma abin lura ne. A Ogoni an tarar mai ya nutse har zurfin mita 5 ko fiye a wurare 49. Bugu da ƙari, cikin wurare 15 da takardu suka nuna an gama gyaransu, goma sun fito da gubar da ta wuce iyaka, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne gyaran bai wuce saman ƙasa ba. Wanda ya kankari sama kaɗai ya auna zai rantse wurin ya warke.

Sai batun mazubi. Ana zuba samfur cikin kwalbar gilashi mai duhu, domin roba tana shan wasu sinadarai tana kuma zubar da nata, hasken rana kuwa yana karya wasu. A cika ta, a rufe tam, a rubuta mata lamba da wuri da zurfi da rana, a sa ta cikin ƙanƙara ta zauna wajen digiri 4. Masu saurin tashi irin su benzin sun fi kowa wuyar sha'ani, shi ya sa akan jefa ƙasarsu nan take cikin ruwan metanol a toshe. Samfurin da ya wuni a bayan mota cikin zafin bazara, to, abin da ake nema ya riga ya bi iska tun kafin a isa gari. Daga ƙarshe, duk hannun da kwalba ta bi sai ya sa hannu a takarda, don kada gobe a gaban shari'a a ce an musanya ta. Tun ran gini ake zane.

Tatsa da tacewa

In samfur ya iso, sai a tsince tsakuwa da saiwoyi, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, a gauraya sosai. Ba a shanya shi a rana ko a gasa shi, sai dai a cuɗa shi da wani gishiri mai shan danshi. Akan ware kaɗan a busar da shi daban don a san yawan ruwan da ke ciki, gama bisa nauyin busasshiyar ƙasa ake ba da sakamako.

Gubar nan tana manne ne da laka da ruɓaɓɓen ganye, kuma gwargwadon daɗewarta gwargwadon ƙarfin riƙonta. Ƙasar jigawa tana sakinta da sauƙi, ta fadama kuwa sai an yi da gaske. Ruwa ba ya fitar da ita, kamar yadda ba ya fitar da maiƙo daga riga. Ana bukatar ruwan tatsa mai narkar da mai, kuma wanda aka fi amfani da shi shi ne haɗin hekzen da asiton, rabi da rabi.

Tsohuwar hanyar tatsa ita ce wadda Franz von Soxhlet ya ƙago a 1879 don auna kitsen madara. Ana sa ƙasa cikin wani ɗan kofin takarda, a tafasa ruwan tatsa a ƙarƙashinsa, tururin ya hau sama ya huce, ya ɗiɗɗigo bisa ƙasar har ya cika, sa'an nan ya koma tukunya ɗauke da abin da ya narkar. Haka zai yi ta zagayawa awa 16 zuwa 24, kullum da tsabtataccen ruwa yake wanke ƙasar, gubar kuwa tana taruwa a tukunya. Akwai sababbin hanyoyi masu sauri, wasu da girgizar sauti, wasu da zafi da matsi cikin ƙarfe rufaffe, waɗanda kan gama cikin rabin awa da ruwa kaɗan. Duk da haka, da tsohuwar hanyar ake gwada ingancinsu.

Abin da ya fito daga tatsa ruwa ne mai launin shayi, cike da kakin ganye da maiƙon tsiro da farar wuta, waɗanda suka fi gubar yawa nesa ba kusa ba. In an ɗura shi haka cikin na'ura zai rufe mata ido. Saboda haka sai a bi da shi ta cikin bututun gilashi da aka cika da wani farin gari mai kama dauɗa ya saki abin da ake nema, a kuma zuba garin jan ƙarfe ya cinye farar wutar. Daga nan a ƙafar da ruwan a hankali har ya koma mililita ɗaya. A kowane ɗaya daga cikin matakan nan ana iya hasarar wani abu daga gubar, kuma za a zo ga yadda ake gane yawan abin da ya salwanta.

Rarrabewa

Mililita ɗayan nan yana iya ƙunsar sinadarai ɗaruruwa, ba kuwa za a iya auna su a cakuɗe ba. Dabarar raba su ta samo asali ne daga wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tsvet, wanda ya zuba ruwan ganye bisa garin alli cikin bututu, ya ga launukan sun rabu hawa-hawa. A 1906 ya raɗa wa dabarar suna kuromatogirafi, watau rubutu da launi. A 1952 kuma Archer Martin da Anthony James suka nuna a Ingila cewa ana iya yin haka da tururi.

Na'urar yau tana da siririn bututu mai tsawon mita 30, wanda faɗin cikinsa rubu'in milimita ne, an naɗe shi kamar gammo cikin tanda. An shafe cikinsa da wani abu mai danƙo. Ana ɗura kashi ɗaya cikin dubu na mililitan nan da allura, zafi ya mai da shi tururi, iskar hiliyom ta tura shi, ana kuma ƙara zafin tandar sannu sannu daga wajen digiri 50 har zuwa 300. Misalinsa kamar ayari ne da ya ratsa kasuwa mai tsawo. Duk tare aka shiga, amma wanda ba shi da hulɗa da kowa shi zai fara fita, mai tsayawa gaisuwa a kowace rumfa kuwa sai can baya. Kowane sinadari yana da lokacin fitarsa, kuma muddin ba a sake yanayin na'urar ba, ba ya saɓa wannan lokaci. Duk wanda ya fito sai a ga tsini ya tashi a kan zane. Lokacin fitowar tsinin yana nuna ko wane ne, girmansa kuma yana nuna yawansa.

Akwai sinadaran da ba sa zama tururi, ko kuwa zafi na karya su, kamar yawancin magungunan ciyawa da manoma ke fesawa. Su kam da ruwa ake tura su ta cikin gajeren bututu mai cike da gari, da matsi mai ƙarfi. Dabara ɗaya ce, abin hawa ne ya bambanta.

Idon na'ura

A bakin bututun akwai abin da ke shaida fitowar kowane sinadari, ana iya kiransa idon na'ura. Uku ne suka fi shahara.

Na farko ɗan harshen wuta ne da ke ƙona duk abin da ya fito, ya auna lantarkin da ƙunar ta haifar. Yana ganin kusan duk dangin kabon ba tare da bambantawa ba, shi ya sa da shi ake auna jimillar mai a cikin ƙasa. Siffar zanen kuma tana ba da labari, gama fetur da dizal da ɗanyen mai kowanne da kamanninsa, kuma man da ya daɗe a ƙasa ya rasa masu sauƙin tashi, sai masu nauyi suka rage.

Na biyu shi ne wanda James Lovelock ya ƙago a 1957. A cikinsa akwai ƙwayoyin lantarki masu gudana kullum, to, da zarar sinadari mai kulorin ya gifta sai ya cafke wasu, gudun ya ragu. Kaifin wannan ido ne ya sa aka gane cewa DDT ya kai ko ina a duniya, har cikin nonon uwa. Amma yana da aibi, domin yana cewa ga mai kulorin nan ya wuce, ba ya faɗin sunansa. In sinadarai biyu suka fito a lokaci ɗaya sai a ɗauki wani a matsayin wani.

Abin da ya faru a Suwidin ya isa misali. Wani masani mai suna Sören Jensen yana auna DDT a jikin kifaye da tsuntsaye, sai ya riƙa ganin waɗansu tsinaye da ba su dace da kowane maganin ƙwari da aka sani ba. Masu gwaji da dama sun sha ganin irinsu suna wucewa. Shi kuwa ya bi sawu, ya same su jingim a jikin wata gaggafar teku da aka tsinta a mace, ya kuma auna gashin tsofaffin gaggafu da ke ajiye a gidan tarihi, ya ga babu su a na farkon ƙarni, sai a na shekarun 1940 zuwa gaba. A 1966 ya tabbatar PCB ne, wanda ake ta sayarwa tun 1929. Shekara 37 ke nan guba tana yaɗuwa, ba don ta ɓuya ba, sai don babu wanda ya tambaya.

Abin da ya warware masa matsalar shi ne ido na uku, ma'aunin nauyin ƙwayoyi. Wannan yana farfasa kowane sinadari, ya auna nauyin gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya. Kowane sinadari yana da yadda yake fashewa, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsansa, kuma kwamfuta tana gwada abin da ta gani da dubban zane da ke ajiye a cikinta. In lokacin fitowa ya dace, zanen fashewa ma ya dace, an sami shaidu biyu ke nan. Haɗin na'urar rarrabe tururi da wannan ma'auni shi ne ginshiƙin wannan aiki. Dayokzin kuwa, da yake ɗan mitsitsinsa ma illa ne, sai da wani irin ma'aunin mai tsananin kaifi da tsada, wanda ɗakunan gwaji kaɗan ne ke da shi.

Yadda ɗakin gwaji ke tuhumar kansa

Na'ura ba ta san miligiram ba, tsini kawai take zanawa. Kafin a auna samfur sai an ɗura mata tsantsar sinadarin da aka san yawansa, daga kaɗan zuwa mai yawa, hawa biyar ko fiye, a ga girman tsinin da kowanne ya bayar. Wannan shi ne mudun da za a auna saura da shi. In mudun ya lotse, ko tsantsar ta tsufa a kwalba, duk awon ranar ya tashi banza.

Bayan wannan akwai jarrabawa huɗu da ba a tsallakewa. Ta farko, a bi da tsabtataccen rairayi ta duk matakan nan tare da samfuran. In guba ta fito a cikinsa, to, daga kwalabe ko ruwan tatsa ko iskar ɗakin ta zo, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Ta biyu, tun kafin tatsa a zuba wa kowane samfur wani sinadari mai kama da wanda ake nema amma wanda ba a samunsa a ƙasa, a san yawan da aka zuba. In an zuba ɗari aka sami tamanin a ƙarshe, an san abin da hanya ta ci. Yawanci akan karɓi abin da ya faɗa tsakanin 70 da 130 cikin ɗari, in ya kauce sai a sake aikin. Ta uku, a raba samfur ɗaya biyu a auna kowanne daban, a ga ko za su yi daidai. Ta huɗu, a auna ƙasar shaida, watau wadda manyan ɗakunan gwaji suka riga suka yi ittifaƙi a kan abin da ke cikinta. Ɗakin da ke yin waɗannan, yana rubuta kome, yana kuma yarda baƙi su zo su bincike shi, shi ake ba takardar amincewa ta duniya mai lamba ISO 17025.

Karanta sakamako

Kalmar da ta fi yaudarar jama'a a takardar sakamako ita ce "ba a gani ba". Kowace hanya tana da iyakar ganinta, abin da ya gaza wannan iyaka ba za ta gan shi ba ko yana nan. Iyakar benzin a ruwan sha, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, maikirogiram 10 ce cikin lita. Ɗakin da idonsa bai iya ganin abin da ya gaza 50 ba zai rubuta "ba a gani ba" a kan ruwan da ya ninka iyakar sau huɗu, kuma bai yi ƙarya ba. Haka nan wanda aka ce ya nemi maganin ƙwari ba zai ba da labarin dayokzin ba. A jihar Misuri ta Amurka an yayyafa tsohon mai a filin dawaki a 1971 don kwantar da ƙura, dawaki suka yi ta mutuwa, yara suka kwanta ciwo, amma sai a 1974 aka gano dayokzin ne a cikin ƙasar. Irin man nan aka zuba a titunan garin Times Beach, wanda a 1983 gwamnati ta saye shi dungum aka tashi mutanensa.

Adadi kuma ba ya da ma'ana sai an gwada shi da iyaka. Ƙa'idojin da ake aiki da su a Nijeriya lokacin binciken Ogoni sun sa miligiram 5,000 na mai cikin kilon ƙasa a matsayin inda gyara ya wajaba, da miligiram 50 a matsayin inda ake so a kai. Tsakanin lambobin nan biyu ninki ɗari ne, kuma rahoton ya nuna hukumomin gwamnati ba su yi fassara ɗaya ba a kan wadda za a tsaya a kanta a ce an gama gyara. Jimillar mai ma ba ta faɗin kome da kome, domin ƙasa biyu suna iya yin jimilla ɗaya alhali ɗaya ta fi ɗaya yawan masu haddasa sankara.

In an iya karatu, sakamako yana faɗin har tarihi. DDT in ya daɗe a ƙasa yakan rikiɗe ya zama wani sinadari da ake kira DDE. In DDE ya rinjaya, feshin tsoho ne. In kuwa DDT ɗin kansa ya fi yawa, to, akwai mai zuba shi kwanan nan, sai a nemi inda yake samowa.

Kammalawa

A 1988 aka gano dubban gangunan sharar masana'antu da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin Jihar Bendel ta lokacin, wasunsu ɗauke da PCB. Wannan ne ya sa a shekarar aka kafa dokar hana shigo da shara mai guba, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Shekara 20 da 'yan kai bayan haka, da aka zo binciken Ogoni, sai da aka kwashi samfuran zuwa ɗakunan gwaji na Turai masu takardar amincewa. Doka ba ta da haƙora in babu awon da kotu za ta yarda da shi, kuma al'ummar da ba ta iya auna ƙasarta da kanta tilas ta karɓi abin da wani ya gaya mata.

A nan ne nauyi ya hau kan jami'o'i. Sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke riƙe ta shi ne wutar lantarki marar yankewa, da iskar hiliyom, da tsantsar sinadaran awo da ba su tsufa ba, da ma'aikacin da aka horar aka kuma riƙe shi da daraja. Ɗaki ɗaya mai waɗannan ya fi goma masu na'urori lulluɓe da ƙyalle. Ga aiki kuwa jingim yana jira a garejin makanikai, da tsofaffin rumbunan maganin feshi, da filayen da ake ƙona taya da waya, da lambunan da ake bai wa ruwan da ya fito daga unguwannin masana'antu.

Ga waɗanda ba masana kimiyya ba kuwa, alƙali ne ko hakimi ko ɗan jarida ko shugaban ƙungiyar manoma, duk ranar da aka miƙo takardar sakamako akwai tambayoyi biyar da suka cancanci amsa kafin a sa hannu. Daga ina aka ɗebi ƙasar, kuma a wane zurfi? Yaya aka adana ta, kwana nawa ta yi kafin a auna? Waɗanne sinadarai aka nema, waɗanne ne ba a nema ba? Mene ne iyakar ganin hanyar da aka bi? Nawa aka samu daga abin da aka zuba don jarrabawa? Ɗakin gwaji na ƙwarai yana da amsar kowacce a rubuce, kuma ba ya jin haushin mai tambaya.